Albarkar da Take Nufin A'a

A kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda take ci kowace Alhamis, da wuya ka sami kalmar da ta fi "albarka" yawo a bakin mutane, kuma kusan duk inda ka ji ta, ƙi ake yi. Mai saye ya dafa rago ya taya, dillali ya kawar da kai ya ce albarka. Ya ƙara dubu biyar, a sake ce masa albarka. Ba ya ɗauka addu'a ake yi masa. Bamange da Bafillace da Buzu da Bayaraben da ya zo lodin shanu daga kudu duk sun san cewa aka yi kuɗin bai kai ba. Sai an daidaita, mai dabba ya ce ya sallama, an ƙirga kuɗi, an ware la'ada, sannan kalmar ta koma gidanta na asali: Allah ya sanya albarka. Bakin mutum ɗaya ne ya faɗi duka biyun, kuma tsakaninsu bai fi minti goma ba.

Wanda ya koyi Hausa a littafi zai iya haddace ma'anonin biyu. Abin da ke gaya wa ɗan kasuwa wacce ake nufi kuwa shi ne gurbin da kalmar ta faɗo, bayan tayi ne ko bayan sallamawa. A kan wannan ɗan ƙaramin al'amari aka gina wata babbar mazhaba ta nazari a Turai, wadda ta yi tashe a shekarun 1950 da 1960, ake kiranta mazhabar tsari, tare da ƙanwarta, ilimin alamomi.

Tushenta wani malamin harshe ne ɗan ƙasar Suwizalan, Ferdinand de Saussure, wanda ya koyar a Jami'ar Geneva ya rasu a 1913. Bai bar littafi a kan wannan batu ba. Abokan aikinsa biyu, Charles Bally da Albert Sechehaye, su suka tattara abin da ɗalibai suka rubuta a aji suka buga a 1916. A ganinsa kowace alama fuska biyu gare ta: abin da kunne ya ji ko ido ya gani, da abin da ya faɗo a zuciya. Babu wata igiya ta halitta da ta ɗaure su. Babu ƙaho a cikin sautin "rago", shi ya sa Balarabe ya ce kabshu kuma bai yi kuskure ba. Abin da ke riƙe alama a tsaye shi ne bambancinta da 'yan uwanta. Kukar miya da kukan hawaye karin sauti ne ya raba su, kuma da Hausa ba ta damu da karin sauti ba da sun zama abu guda. Daga nan ya yi hasashen cewa wata rana za a sami ilimin da zai nazarci dukan alamomin da mutane ke rayuwa da su, sutura da gaisuwa da bukukuwa, kamar yadda ake nazarin harshe.

Da ya zo bayyana abin da yake nufi da darajar alama, misalin kuɗi ya kawo, ƙwandalar faran biyar. Ya ce ba za ka san darajarta ba sai ka san abu biyu: abin da za ta saya, kamar burodi, da matsayinta a tsakanin sauran kuɗaɗe. Da a ce ya san Maigatari da bai wahala wajen neman misali ba, domin wannan faran biyar ɗin tasa ita ce Hausawan Nijar ke kira dala, kuma da ita suke ƙirga sefa har gobe. Dala ashirin faran ɗari ke nan, dala ɗari biyu kuma jika guda, wato faran dubu. A ɓangaren Nijeriya na iyaka kuwa, jaka guda naira ɗari biyu ce, gadon zamanin da fam ɗari ke cika jaka, kafin naira ta zo a 1973 a mai da kowane fam naira biyu. Don haka idan mutumin Dungas ya ce jika goma, mutumin Gumel ya ce jaka goma, sun yi kusan furta abu ɗaya, amma ɗan canjin da ke zaune a tsakaninsu ya san kuɗi biyu ne mabambanta, kuma a cikin wannan tazara yake cin abinci.

An ga ƙarshen wannan darasi a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa 10 ga Fabrairu ta zama ranar da tsofaffin za su daina aiki. Takardar ba ta yage ba, hotunan da ke jikinta suna nan, amma mai shayi ya ƙi karɓa. A wasu garuruwan bakin iyaka mutane suka koma ciniki da sefa. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da yawo, sai takardar nan da aka yi wa kallon shara ta sake sayen hatsi. Babu abin da ya canza a jikinta tun daga farko har ƙarshe.

Yana ba ni haushi idan na ga ana koyar da wannan fanni kamar a Geneva aka fara tunaninsa. Jahizu na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya lissafa hanyoyi biyar da ma'ana ke bi ta isa ga mutum a littafinsa Albayan wat Tabyin: lafazi, da ishara, da ƙidaya da yatsu, da rubutu, da halin da abu yake ciki wanda ke magana ba tare da baki ba. Abdulƙahir Aljurjani kuma, a ƙarni na 11 na Miladiyya, ya kafa hujja a Dala'ilul I'ijaz cewa kalma ita kaɗai ba ta da fifiko a kan wata sai an ga inda aka jera ta. Almajirin da ya karanci balaga a zaure ya riga ya sha wannan ruwa, ko da bai taɓa jin sunan Saussure ba. Ba ina cewa abu ɗaya suka faɗa ba. Malaman balaga gwanintar zance suke bi, Saussure kuma tsarin harshe gaba ɗaya. Amma ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel zai fi saurin kama zaren idan aka fara masa daga abin da kakansa ya karanta.

Ta biyar ɗin Jahizu ita ce ta fi aiki a kara. Mai saye ba ya tambayar shekarun sa, buɗe bakinsa yake yi ya dubi haƙora. Yana shafa gadon baya da haƙarƙari, ya ɗaga wutsiya, ya dubi ido da hanci. Launi ma magana yake yi: rabin gaba baƙi ko ja, rabin baya fari, an san Uda ne; jan sa mai dogon ƙaho an san daga wajen Bororo ya fito; tabon wuta a wuyan raƙumi ko cinyarsa yana faɗin gidan da ya taso ga wanda ya iya karantawa. Masanin falsafa na Amurka, Charles Sanders Peirce, ya raba irin waɗannan gida uku. Akwai alamar da ke nuni saboda kama, kamar hoto. Akwai wadda ke nuni saboda ita sawun abin ce, kamar hayaƙi da wuta ko haƙori da shekaru. Akwai kuma wadda yarjejeniyar mutane kaɗai ta ba ta ma'ana, kamar tabon raƙumi. Ana ganin ta biyun ba ta ƙarya, tunda ba mutum ne ya ƙirƙire ta ba. 'Yan kasuwa sun san ba haka ba ne. Tsohon zargi ne cewa wasu kan ba dabba kanwa ta kwankwaɗi ruwa kafin a shigo da ita, cikinta ya cika ta yi kamar mai ƙiba. Umberto Eco na Italiya ya taɓa bayyana ilimin alamomi da cewa nazarin duk abin da za a iya yin ƙarya da shi ne. Ban san wata ma'ana da ta fi wannan dacewa da ranar Alhamis ba.

Wanda ya fitar da wannan ilimi daga ajin harshe ya kai shi titi shi ne Roland Barthes na Faransa. A littafinsa Mythologies na 1957 ya ɗauki abubuwan da masana ke raina wa hankali, tallan sabulu, sabuwar motar Citroën, abincin da Faransawa ke alfahari da shi, bangon mujalla, ya karanta su kamar nassi. Abin da ya gano shi ne alama takan hau kan wata alama. A hawa na farko abu yana nufin kansa. A hawa na biyu an ɗora masa wani saƙo, kuma an ɗora shi da dabarar da za ta sa a ga kamar haka Allah ya halicce shi, alhali mutane ne suka ƙulla a wani zamani saboda wata bukata.

Ragon layya ya isa misali. A hawa na farko dabba ce da ta cika sharuɗɗan ibada: ta kai shekaru, ba gurguwa ba, ba mai ido ɗaya ba, ba ramammiya ba. Ɗan madaidaicin Yankasa ya cika waɗannan. Amma Balamin da ya kai tsayin ɗan maraƙi, wanda aka yi wa wanka aka ɗaure a ƙofar gida kwana uku kafin salla, ba a cikin gida inda inuwa take ba, wani zance yake yi da maƙwabta. Yanzu ma ƙofar gidan ta faɗaɗa, ta koma Facebook da TikTok. Saurayin da ya kai wa gidan surukai rago ya san za a auna shi da na mijin yayar yarinyar. Babu wanda zai fito ya ce girman rago shi ne girman mutum, kowa zai ce ai niyya ake dubawa, amma farashin manyan raguna a makon salla yana nuna akwai abin da ake saye bayan nama da lada. Wannan shi Barthes ke nufi, kuma a nan ina tare da shi.

Maƙalar farko a littafin nasa a kan kokawar wasan kwaikwayo ce, irin wadda yaranmu ke kallo daga Amurka a gidajen kallo. Ya ce 'yan kallo ba su damu da wa zai yi nasara ba, sun zo ganin mugu da azzalumi da wanda aka zalunta ne, kowa jikinsa ya riga ya faɗi matsayinsa tun kafin a fara. Dambenmu ba haka yake ba, naushin gaske ne kuma kisa kisa ne. Sai dai duk abin da ya kewaye naushin alama ce: kiɗa, kirari, zaren da aka naɗe hannu da shi, layu. Har sunayen ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada da Jamus. Ɗan damben Jamus bai haɗa komai da ƙasar Jamus ba. Amfanin sunan kawai ya raba shi da sauran ukun.

A fagen labari mazhabar ta fi yin ƙarfi, kuma a nan ne ta fara ba ni tsoro. Vladimir Propp na Rasha ya nazarci tatsuniyoyi ɗari na ƙasarsu ya fitar a 1928 cewa, duk yawan sunaye da wurare, ayyuka 31 ne kawai ke maimaituwa a jere guda. Claude Lévi-Strauss kuma ya ce tunanin ɗan Adam da kishiyoyi yake aiki, ɗanye da dafaffe, daji da gida, kuma labari hanya ce ta sasanta kishiyoyin da rayuwa ta kasa sasantawa. Duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya ya san 'yar mowa da 'yar bora, ya san wayon Gizo ba ya fitowa sai an ajiye wautar Kura kusa da shi. Finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun gaji wannan gini. Ɗan masu kuɗi da ɗan talaka, zaɓin iyaye da zaɓin zuciya, uwargida da amarya, birni da ƙauye. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki an gama gaya maka ko shi wane ne. Gida mai bene da shadda mai maiƙo da gilashin ido, Alhaji ne. Hula ta yi daƙal-daƙal, haƙora sun rine da goro, ga buhu a kafaɗa, baƙauye ya shigo gari, a shirya dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya yi shekaru yana wasa da waɗannan alamomi, kuma gwanintarsa ita ce sau da yawa baƙauyen nasa ne ke yi wa 'yan birni wayo.

Abin tsoron shi ne sauƙin aikin. Ka ba ɗalibi wannan ma'auni, ya zana layi a tsakiyar takarda, ya jera birni a dama ƙauye a hagu, zai yi wa fim ɗari fassara ɗaya. Idan Sangaya da Labarina da tatsuniyar Gizo duk sun ba da amsa guda, to ma'aunin ne ke magana, finafinan sun yi shiru.

Akwai kuma wani zato da ke ɓoye a ƙarƙashin aikin Barthes, cewa mai nazari ne ke ganin dabarar, jama'a kuwa haɗiya kawai suke yi. Wannan zato ba zai kwana a ƙasar Gumel ba. Ɗauki Buzun fim: maigadi ne, ga rawani ga takobi ga butar shayi, Hausarsa a karye, aikinsa ya ba da dariya a bakin get. A Kano wataƙila wannan hoto ya wuce ba tambaya, don a bakin get ɗin da yawa suka san Buzu. A Maigatari kuwa Buzu shi ne mutumin da ya shigo da raƙuma waɗanda kuɗin guda ɗaya ya fi albashin shekara na ma'aikaci, wanda dillalai ke rige-rigen sauka da shi. Yaron da ya taso yana ganin haka zai yi dariyar fim ɗin, amma ya san dariyar 'yan birni ce, kuma wani ɓangare na dariyarsa su yake yi wa. Stuart Hall, ɗan asalin Jamaika da ya yi aiki a Birmingham ta Ingila, ya yi bayanin wannan a 1973: mai shirya saƙo yana ƙulla shi da wata ma'ana, mai karɓa kuma yana iya amincewa, ko ya karɓi rabi ya gyara rabi, ko ya juya shi gaba ɗaya. Al'ummar da ta ƙware a habaici da zambo da gugar zana, wadda Bafillace da Babarbare za su yi ta zagin juna a bainar jama'a kowa ya san zumunci ake yi, ba ta bukatar a zo daga jami'a a gaya mata magana tana da ciki.

Akwai wani rauni kuma da ya fi wannan girma. Saussure ya zaɓi ya tsayar da agogo, ya dubi harshe yadda yake a lokaci guda, ya ajiye tarihi gefe. Dabara ce mai amfani, amma a ƙasa irin wannan tana ɓatar da rabin labari. Dubi hoton hawan salla a Gumel ka ajiye shi kusa da na Hadeja ko Kazaure. Rawani, alkyabba, lema, dogarai, jahi, duk tsari ɗaya. Mai nazarin tsari zai ce harshe ɗaya suke yi, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai a cikin masarautu biyar na Jigawa, Gumel ce kaɗai ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, Barno take kai wa gaisuwa, ta yi shekaru tana gwabzawa da Hadeja da Kano da Damagaram, har Turawan Ingila suka iso a 1903. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, a matsayin mashigar ƙasar Barno ya gan ta, kuma babbar kasuwar kanwa. Tumbi, inda sarautar ta zauna kafin ta tare a Gumel, yau tana cikin Nijar, domin layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya bi ta tsakanin tsohuwar fada da sabuwa. Rawanin iri ɗaya ne a hoto, amma wanda ya san wannan tarihi ba abu ɗaya yake gani ba.

Alamun siyasa sun fi kowanne saurin sauya fata. Dattawan Sule Tankarkar sun ga tauraron NEPU da fartanyar NPC, sun ga makullin PRP da ya kai Abubakar Rimi gidan gwamnatin Kano a 1979, lokacin nan duk jihar Kano ce. Masara ta fito a tambarin NPN tare da gida, ta ɓace, ta dawo a 1999 a hannun APP, jam'iyyar da ta fara mulkin Jigawa a wannan jamhuriya. Lema ta karɓa a zaɓen 2007, tsintsiya a 2015. Ga mai zaɓen da bai yi boko ba, hoton nan shi ne jam'iyyar, a gefensa yake dangwala yatsa. Tsintsiya kuwa da ta zo ta tarar da karin maganar maɗaurinki ɗaya yana jiranta, ga kuma ma'anar share datti, abin da masu adawa ba su yi wata-wata ba suka juya shi suka ce arzikin mutane aka share. Jar hula ma haka. Shekaru ashirin da suka wuce hula ce kawai, wanda ya ga dama ya sa. Tun da Kwankwasiyya ta ɗauke ta, mutumin da ba ya son a yi masa fassara yakan duba launi kafin ya fita ɗaurin aure.

Ita kanta iyakar alama ce da ke kumbura tana sacewa. An rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe Maigatari tare da Illela da Seme da Mfun a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A kowane zagaye buhun shinkafa 'yar waje yana tashi daga abinci ya koma kayan laifi, ɗan acaɓan da ke bin hanyar daji ya tashi daga mai neman abinci ya koma ɗan fasa-ƙwauri, jarkar fetur ma haka.

Misalin da na fi so a gona yake. Manoman wannan yanki sun daɗe suna shuka yakuwa a gefen gona, layi ɗaya, don ta nuna inda gonar wane ta ƙare ta wane ta fara. Ganyen na miya, zoɓon kuma na mata ne, su tsinka su shanya su jiƙa a sayar a ƙulle a leda. Ba amfanin gona ba ne da namiji zai ambata idan ana lissafin abin da aka samu a shekara. Da 'yan kasuwar ƙetare suka gano shi, musamman na Meziko inda ake shan sa da sunan jamaika, sai ga shi ya baro gefe ya shigo tsakiyar gona a Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukan Maigatari, yana gogayya da riɗi. Yanzu ana auna shi a sikeli, ana tankaɗe shi a rumbunan ajiya, ana loda shi a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas, kuma maigida ne ke zuwa karɓar kuɗin.